Takalmin da Kawu Ya Zaɓa wa Yaya

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, babu abin da yake tsoro a duniya kamar a gane cewa cikin babu ya tashi. Unguwa na kiransa Ƙwanji tun yana saurayi, shi kuwa ya fi son a ce masa Koci, wato mai horarwa. Wanda ya kira shi da tsohon sunan sai ya yi kamar bai ji ba, ko da a gabansa yake tsaye.

Yana da wurin ɗaga ƙarfe a garejin gidansa. Da ka shiga, warin zufa da na tsohon man inji ne za su fara yi maka maraba. Akwai benci biyu da fatarsu ta tsattsage, fanka guda da ke juyawa kamar an tilasta mata, da madubi mai tsaga wanda Kawu ke gogewa kullum fiye da yadda yake share ƙasa. Sama da madubin ya rataye hotonsa na ƙuruciya, ya ɗaga ƙarfe sama da kai, jijiyoyin wuya sun miƙe. An yanke hoton daga gwiwa zuwa ƙasa. Na daɗe ina zaton mai hoton ne bai iya aikinsa ba, sai da Umma ta gaya mana cewa Kawu ne ya sa almakashi da hannunsa, don ba takalmi a ƙafarsa ranar da aka ɗauka.

A bakinta muka ji sauran labarin. Dako ya fara yi a wani sito, da yamma kuma shi da abokansa su taru bayan garejin wani makanike, suna ɗaga gwangwanaye cike da siminti da aka soke da sandar ƙarfe. Ƙafa a ƙasa suke yi, kuma ba ta taɓa jin ɗayansu ya ji ciwo ba. Daga baya ya samu gadi a wani babban otal mai ɗakin motsa jiki. Shekaru ya yi yana buɗe wa masu hali ƙofa, idonsa a kan ƙafafunsu. Fararen takalma suke zuwa da su, masu tudun soso a ƙasa, irin na gudu. Bai taɓa leƙawa ya ga ko gudu suke yi a ciki ko ɗaga ƙarfe ba. Ya dai yanke wa kansa hukunci cewa takalmin nan shi ne bambancin ɗan dako da mutumin kirki. Duk ilimin da ya kwaso daga otal ɗin ke nan, kuma a kansa ya gina wurinsa. A bango ya sa an rubuta da jan fenti: ba shiga sai da takalmi mai tudu.

Shi kansa haka yake yawo cikin garejin da nasa, fari fat, tudunsa kamar burodi, yana tafe yana lotsawa. Ba ya ɗaga komai a gaban mutane. Ya ce ya wuce wannan matakin. Aikinsa busa usur, da riƙe ƙugu, da ba da labarin gasar da ya kusa zuwa.

Yayana ne ya kai mu wurin. Ya daɗe da gama karatu ba aiki, da mata da 'yar ƙaramar yarinya a ɗaki ɗaya cikin gidanmu. Sai ga shi an kira shi gwajin shiga aikin kashe gobara. Za a sa su gudu, su hau tsani, su ɗauki buhu mai nauyin mutum a kafaɗa. Wannan ne kiransa na ƙarshe, domin baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Gudu ba ya ba shi tsoro, ɗaukar nauyin ne bai saba ba. Umma ta ce ga ɗan'uwanta da ƙarafa jibge, me zai kai shi wurin bare? Ni kuma ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, ina zaman jiran abin da ban sani ba, sai na riƙa binsa ina tsaya masa a baya idan zai tsuguna da ƙarfe.

Da tsohon takalminsa na kambas ya fara zuwa, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ya sha wanki har launinsa ya gudu. Ranar farko Kawu ya ƙyale shi saboda zumunci. Yaya ya ɗora sandar ƙarfen a kafaɗa, ya tsuguna, ya miƙe, ƙafarsa daram kamar an dasa ta. Washegari Kawu ya tare shi a bakin ƙofa, a gaban wani tela da wani direban tasi da ke zuwa wurin.

"Ɗan yayata, wannan na 'yan firamare ne ka sato? Nan ba sito ba ne."

Aka yi dariya. Yaya ya ce shi dai yana jin daɗinsa, yana jin ƙasa a tafin ƙafarsa. Kawu ya ce ai matsalar ke nan, mai jin ƙasa a ƙafa ba ya rabuwa da ƙasa. Ya yi masa dogon bayani cewa soso shi ke shanye nauyi kafin ya kai ga baya, kamar yadda taya ke shanye ramin hanya. Ya shiga cikin gida ya fito da wasu takalma nasa, masu tudu fiye da na kowa, ya ce kyauta ce daga kawu, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Kambas ɗin ya ɗauka da yatsu biyu ya jefa bayan ƙofa.

Tun daga ranar tsugunon Yaya ya lalace. Ina bayansa, ina gani. Da nauyi ya sauka sai dunduniyarsa ta nutse, gefe ɗaya ya fi ɗaya lotsewa, gwiwoyinsa su riƙa neman juna. Ya ce wa Kawu ji yake kamar a kan katifa yake tsaye. Kawu ya ce alamar takalmin na aiki ke nan, jiki ne bai waye ba tukuna. Telan ma ya taɓa yin irin wannan ƙorafi, aka ce masa ƙafar taka keken ɗinki ce da shi. Duk wanda ya yi magana, Kawu na da sunan da zai laƙa masa, kuma ba mai son ya zama abin dariyar gareji. Da gwajin ya matso sai Kawu ya riƙa ƙara wa Yaya faifan ƙarfe, yana cewa jininsu ɗaya, ba zai ba shi kunya ba.

Da safe abin ya faru, rana ta shigo har rabin garejin. Yaya ya tsuguna, ya fara tasowa, sai na ga ƙasan takalmin dama ya kwanta waje kamar an murɗe shi. Na ji ƙarar kafin in gane mene ne, wani ɗan ƙas, ba mai ƙarfi ba. Na kai hannu ga sandar, amma nauyin ya riga ya tafi gefe. Ƙarafan suka zube, ɗaya ya gangara har bakin titi. Yaya bai yi ihu ba. Ya dai riƙe idon sawunsa da hannu biyu yana kallona, kamar ni zan gaya masa ba komai.

Abin da Kawu ya fara cewa shi ne kada a cire takalmin, zai riƙe ƙafar. Direban tasin ne ya ture shi muka ɗauki Yaya.

A asibiti aka ce ƙashin ya tsage, jijiya ma ta taɓu. Likitar da ta ɗaure ƙafar ta ɗaga takalmin ta matsa ƙasansa da babban yatsa, ya lotsa. Ta ce wannan na gudu ne, mai ɗaga nauyi ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya yake so, wadda ba ta motsi a ƙarƙashinsa, musamman wanda bai ƙware ba. Ko tsohon kambas ya fi wannan. Yaya ya juya fuskarsa bango. Ya tambaye ta ko zai iya gudu kafin ƙarshen wata, ta ce ya fara tunanin tsayuwa tukuna.

Kawu ya zo dubiya da farin takalminsa da ledar lemu. Ya gaya wa Umma cewa yaran yanzu ba su da zuciya, ƙarfe na jin tsoron mutum kamar kare. Ya ce da ba don soson ba da bayan ne ya karye. Umma ta ce Allah ya kiyaye gaba. Da na buɗe baki ta harare ni, ta ce ɗan'uwanta ne, ƙaddara kuma ba ta neman izini.

Bayan kwana biyu matar Yaya ta roƙe ni in ɗauko masa jakarsa da aka bari a garejin. Na je da sassafe don kada in haɗu da kowa. Ƙofar a saye take, daga ciki kuma ina jin nishi da ƙarar ƙarfe. Na tura. Kawu ne shi kaɗai, da sandar a kafaɗa, nauyin ya fi wanda ya karya Yaya. Yana sauka yana tashi ba ko girgiza, tsoho da furfura. Ƙafarsa tsirara a kan siminti, yatsun sun baje sun kama ƙasa. Fararen takalman na kan benci, an jera su kamar baƙi.

Da ya gan ni a madubi ya ajiye ƙarfen, bai ko amsa gaisuwa ba, ya yi wajen bencin da sauri.

"Kawu, ashe wanzami ba ya son jarfa?"

"Ni daban," ya ce, yana kokawa da igiyar takalmi. "Mu haka muka saba, ba mu da shi ne a lokacin. Ku kuwa 'yan boko ne, ai ba na bar ku ku yi kamar 'yan dako ba."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ɗaure igiyar, ya miƙe, ya ƙara tsawo, ya koma Koci. Sannan ya rage murya.

"Kada ka faɗa wa kowa ka gan ni haka."

Wannan ce kunyarsa. Ƙafar Yaya ba ta cikin lissafin.

Na ɗauki jakar. Kambas ɗin na nan bayan ƙofa inda aka jefa shi, gizo-gizo ya fara saƙa a ciki, na haɗa da shi.

Ranar gwajin Yaya ya tashi da wuri kamar mai shirin fita. Ya yi wanka da ƙyar, ya sa riga mai guga, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da sandar dogarawarsa a gefe, ƙafar a miƙe cikin filasta. 'Yarsa ta jawo kambas ɗin ta zura ƙafafunta biyu cikin guda tana ja a tsakar gida. Haka ya zauna har rana ta take. Daga can ƙarshen layi muna jiyo usur ɗin Kawu, ya samu sababbin ɗalibai.