Buhun da Inna Yelwa Ta Zauna a Kai

Da na dawo Daura daga karatu a ƙasar waje, littattafan Hausa na matasa ba su dame ni ba. A raina ina ganin ko an hana su babu abin da aka rasa. Labarin Inna Yelwa ne ya sa na fara shakkar wannan ra'ayi nawa.

Mai girki ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a hanyar Sandamu, a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci. Ba ta yi boko ba. A lokacin akwai wani littafi da ya ci gasar marubuta, labarin yarinyar da ta gaji garken mahaifinta, take kai shanu kasuwa da kanta. Na biyu da na uku suka biyo baya. Sai wasu iyaye suka kai ƙara, wai a na biyun yarinyar tana musu da kawunta a gaban maza. Shugaban makarantar, Malam Sada, ya sa aka bi ɗakuna aka kwashe littattafan, aka kawo wa Inna Yelwa su a buhu.

"Inna, ki hura wutar tuwo da su."

"Me suka yi?"

"Ɓata tarbiyya suke."

"Ka karanta?"

"An gaya mini."

"To ni ba a gaya mini ba, Malam. Ko gero aka kawo sai na duba kafin ya shiga tukunyata. A karanta mini. In na ji ɓarna, da hannuna zan cusa su a murhu."

Ya ce ta zaɓa, ko buhun ko aikinta. Ta jawo buhun ta zauna a kai, ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Daga ranar, ɗaliban da ke taya ta tankaɗe suka riƙa karanta mata bayan la'asar. Sun gama na ɗaya, suna tsakiyar na biyu aka sallame ta. Mai gadi ne ya ƙona buhun.

Yanzu ƙosai take soyawa kusa da tashar Katsina. Can na same ta, na ce, "Inna, da kin ji ƙarshen, kika tarar da ɓarnar, da kin ƙona?"

Ta juya ƙosanta. "Da na ƙona mana, ɗan nan. Amma sai na ji da kunnena. Har yau ba a ƙarasa mini ba, don haka a wurina ba su da laifi."