Idon Bindigar Jatau

A Kademi na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya. Lokacin ana kashe sule da fam, naira ba ta zo ba tukuna. Gidanmu gidan manoma ne, mu tara ne yara in an haɗa da 'ya'yan baffannina, kuma da an idar da sallar magariba an ci tuwo, kowa ya san inda zai nufa: bakin murhun Iya, a 'yar rumfar da ke jingine da ɗakinta. Ba ta yarda a kashe wutar girki da wuri ba. Da damina takan tura ɗanyar masara cikin garwashi, da kaka kuma gyaɗa, tana juyawa da guntun karan dawa, mu kuwa mun zuba wa hannunta ido muna haɗiyar yawu.

Iya gajeriya ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ba ta yi wa yaro tsawa. In surutu ya yi yawa sai kawai ta yi shiru ta ci gaba da juya masararta, har mu da kanmu mu tsawata wa juna. Sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa, wa zai ba ta wurin zama?" Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, Iya, mun matsa mata."

Ta san na Gizo da Ƙoƙi, ta san na kura da na 'yan mata masu zuwa rafi. Amma akwai guda ɗaya da babu aljani a ciki, babu dabba mai magana, kuma shi muka fi roƙonta. Labarin wani maƙeri ne da wani maharbi. Duk mun san maƙerin mahaifinta ne, domin Iya 'yar maƙera ce daga wani ƙauye a gefen Ajingi. Ita dai ba ta taɓa kama sunansa ba. "Maƙerin nan" take cewa, kamar wani baƙo.

Maharbin sunansa Jatau. Shekara talatin yana tsare wa ƙauyen gonaki da bindigarsa 'yar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Yana da kare baƙi, Duna, wanda ba ya rabuwa da shi. A shekarar da abin ya faru ruwa ya yi jinkiri, gero bai yi ba, mutane suka dogara ga rogo da gyaɗar da suka shuka a fadama. Sai ga wani ƙaton gadu ya gano fadamar. Kullum kafin gari ya waye ya tone kunya biyar, shida, ya koma daji.

Jatau ya fita masa sau biyu, sau biyu yana kuskure. A na uku, da duku-duku, Duna ya koro gadun daga cikin rogo, Jatau ya ɗaga bindiga ya harba. Da hayaƙi ya washe, gadu ya tsere, Duna na kwance.

A nan Iya takan dakata ta ciro masara ɗaya ta kakkarya mana. 

Ran kasuwar Ajingi magana ta bazu. Wasu suka ce asirin Jatau ya karye, wasu suka ce gadun ba gadu ba ne. Samari suka ce tsufa ne kawai, ya ba su bindigar. Washegari da hantsi sai ga Jatau a maƙera. Ya ajiye bindigar a ƙasa kusa da uwar maƙera, ya ce, "Sare ta ka yi fartanya. Ko noma na yi da ita."

Maƙerin bai taɓa ta ba. Ya ci gaba da aikin da ke gabansa har ya gama, sannan ya ce, "Baba, ka ba ni kwana ɗaya. In na duba ban ga komai ba, ni zan sare ta da hannuna."

Ya leƙa cikin bututun, a miƙe yake. Ya rataya tsohuwar ƙwarya a jikin kukar bayan gari, ya ƙirga taku arba'in, ya harba da kansa, ƙwarya ta fashe. Ya rataya wata, ya miƙa wa Jatau bindigar ba tare da ya ɗura ta ba, ya ce ya auna kawai. Shi kuma ya tsuguna a gefe yana kallon tsohon. Hannun Jatau bai yi rawa ba ko kaɗan. Amma bakin bindigar yana yawo, ya yi sama, ya yi gefe, kamar mai lalube a ɗaki.

"Baba, ƙwaryar kana ganinta?"

"Ina ganinta."

"Bakin bindigar fa?"

Jatau ya sauke bindigar. Can ya ce, "Ya fi shekara biyu ban gan shi sosai ba. Baƙi ne, daji baƙi ne. Da ka nake aunawa."

Iya ta ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Maƙerin ya ce zai yi wa bindigar ido. Ya ƙera ɗan ƙullutun ƙarfe, bai fi ƙwayar dawa ba, ya liƙa a saman bututun, daf da baki, yadda in mutum ya kwantar da kumatu zai ɗora ƙullutun a kan abin da yake nufi. Da rana ya yi kyau. Da asuba kuwa, lokacin da gadu ke fitowa, baƙin ƙarfe ya ɓace cikin duhun ciyawa, aka koma gidan jiya.

Matar maƙerin, wato mahaifiyar Iya, ta kawo abinci maƙera ta tarar da su zaune jugum. Ta saurari zancen, ta zare zoben tagulla daga yatsarta, wanda uwarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ta ce, "Malam, wannan ko a cikin randa ya faɗa ina hango shi. Ka gwada."

"Ba zai koma zobe ba fa," in ji mijin.

"Na sani. Rogon nan har da namu a ciki."

Ya raba zoben biyu, ya narkar da rabi, ya fitar da ɗan ƙullutu ja mai ɗaukar haske. Da gangan ya bar shi da tsawo. Da asuba Jatau ya auna ƙwarya, ya ce yana ganin idon tarwai. Ya harba, harsashi ya bugi gindin kuka, ƙasa da ƙwaryar da kamu biyu.

Ɗan baffana Sani, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, kullum a nan yake tsayar da ita. "Iya, to don me ya bugi ƙasa, alhali ya ga idon?"

Sai Iya ta ɗauki karan dawan nan nata, ta soka ƙwayar masara biyu a kan ƙaya, ta kafa a ƙarshensa, ta ce Sani ya kanga a kumatu ya ɗora ta saman a kan tulun da ke bakin rumfa. "Kalli bakin karan. Ina ya nufa?" Ya nufi ƙasa. Ta cire ƙwaya ɗaya. "Sake ɗorawa." Bakin kara ya ɗago. Haka za mu yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, muna kanne ido ɗaya, har ƙaramarmu da ba ta san me ake yi ba. Iya tana dariya ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi.

To, maƙerin ya ɗauki magagari ya goga wa idon sau biyu, ya ce sai gobe, domin albarushi ya yi ƙaranci, harbi ɗaya suke iya yi a rana. Washegari harsashi ya ɗan hau. Ya sake gogawa sau biyu. A daren nan gadu ya shiga gonar wata gwauruwa mai marayu huɗu, ya tone rabinta. Matar ta zo ƙofar gidan Jatau ta tsaya, ta juya. Jatau ya shiga ɗaki ya ɗauko dutsen wasa wuƙa, ya zauna ya goge idon da kansa, yana ganin ai ya gane dabarar. Da asuba harsashi ya bi ta saman ƙwarya ya shiga rassan kuka.

Ya kawo bindigar maƙera kansa a ƙasa. Maƙerin ya duba, ya shafa wurin da yatsa. Iya ta ce ranar ce kaɗai ta ga ran mahaifinta ya ɓaci a kan aiki, amma abin da ya faɗa bai wuce wannan ba: "Baba, ragewa ina iyawa. Mayarwa ce ba na iyawa. Saura rabin zobe, kuma babu wani bayansa."

Ya narkar da sauran rabin. Wannan karon bindigar a maƙera take kwana. Kowace asuba su biyu su tafi gindin kuka, harbi ɗaya, gugar magagari ɗaya, su dawo. Mutane suna wucewa suna kallonsu. Wani ya ce musu a fuska, "Ku kuna wasa da ƙwarya, dabba tana cinye mu." Samari suka shiga kwana a fadama da gwangwani da wuta suna korar gadun, wata rana ya koru, wata rana ya zagaya ta baya. Ran kwana na shida ƙwarya ta tarwatse. Maƙerin ya rataya wata ƙarama, ya ce a ƙara kwana ɗaya. Ita ma ta fashe. Sannan ya miƙa wa Jatau bindigarsa da hannu biyu.

Jatau ya fita shi kaɗai, ba kare. Gari bai gama wayewa ba aka ji ƙara ɗaya, ba a ji ta biyu ba. Da mutane suka isa, gadun na kwance a bakin kunya, Jatau kuma yana zaune can gefe, a inda ya binne Duna, bindiga a kan cinya. Aka yi ta yi masa barka, bai ɗago ba. Abin da ya rage na rogon ya kai ƙauyen har sabon gero.

Jatau ya ƙara shekara huɗu yana harbi. Kuma duk shekara, in kaka ta yi, sai ya zo ƙofar gidan maƙeri ya yi sallama, ya aika wa matar gidan da zabi biyu. Ba ta sake sa zobe a wannan yatsar ba, in ji Iya, ko da mijin ya ce zai ƙera mata wani.

"Baƙuwa ta tashi," Iya takan ce, tana tattara garwashi wuri ɗaya. "Ku ma ku tashi, an kira isha'i."

Muna yara, ƙarar nan ɗaya muke jira. Sani har tsalle yake yi. Ni kuma zoben nake tausayi, ina ta tambayar ko ba a iya haɗa shi.

Na girma, na yi aure a Gaya, na koyi ɗinki, da shi na riƙe 'ya'yana bayan rasuwar mahaifinsu. Shekaru kaɗan da suka wuce aka kawo mini kayan wata amarya, leshi mai duhu. Na ɗinka, uwar amarya ta zo karɓa, ta ɗaga rigar a tsakar gida, sai ga ɗinkin wuya ya karkace, kowa yana gani. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Hajiya, ai shekaru sun ja, a huta haka." Bayan ta fita na ce da 'yata Rabi ta nemo mai sayen keken ɗinkin. Na daɗe ina lalubar layin ɗinki da yatsa, ban gaya wa kowa ba.

Rabi ba ta musa mini ba. Ta kawo farin ƙyalle da baƙi, ta ce in ɗinka mata layi ɗaya a kowanne, ta zauna tana kallona. Na farin ya fita a miƙe. Ta ce, "Umma, hannunki lafiya lau yake." Ta kai ni aka auna idona aka ba ni tabarau, ta sa aka ɗaura mini 'yar fitila a kan keken. Ina ɗinki har yau.

Sai a lokacin na gane ba don ƙarar bindiga Iya take ba mu labarin ba. Mutum yakan kawo abin da ya fi so ya ce a sare, don kunya ta hana shi faɗin ɗan abin da ya gaza. Mafi yawanmu karɓa muke yi mu sare, mu ce mun tausaya masa.

Iya ta yi kaɗin auduga tun tana budurwa, zarenta masaƙa har daga garin Balan ke aikowa a saya. Wata shekara, ina 'yar sha biyu, ta naɗe mazarinta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ta gaji. Muka ce Iya ta tsufa. Gida cike da mutane, mu tara mun haddace labarin Jatau kamar karatu, amma babu ɗayanmu da ya tsuguna a gefenta ya ce, "Iya, zaren kina ganinsa?"