Filasta a Bakin Mai Lofe

Har yau ban manta da ranar da na cusa wa Bature filasta a baki ba, kuma da izininsa. Damina ce, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙi. Ina heluman magina a sashen ayyuka, wato ni ne tsakanin injiniya da leburori: ya yi mini tsawa, ni kuma in sauke a kansu. An tura mu Birnin Gwari gina barikin saukar baƙi.

Injiniyan namu Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Yana da gashin baki da yake murɗewa kowace safiya kamar ƙahon rago. Shi ya zana wa falon barikin wani silin da ba mu taɓa gani ba: gefe-gefe ya sauko, tsakiya ta shige sama kamar ƙafa ɗaya, sai ka ce an kife tire. Bakin shigewar kuma za a zagaye shi da adon filasta. Filasta wani farin gari ne da ake kawo mana daga Kaduna. In ka kwaɓa shi sai ya yi ɗumi, kafin ka gama tauna goro ya zama dutse. Adon zubi ake yi: ka danna samfur cikin kakin zuma, ka cire, ka zuba filasta a gurbin. Wannan aikin ni nake yi da hannuna.

Abin da ya dame ni katakon da zai riƙe silin ɗin. Ɗanye ne, kwanan nan aka yanko shi daga dajin Kazage. Ranar da ya bushe zai murɗe, filasta ta rufto kan wanda ke zaune. Razdan, babban Baturen lardi, shi ne zai fara zama, bayan mako uku, kuma in ta rufto masa heluma za a kai gidan yari, ba injiniya ba. Sau uku ina buɗe baki, sau uku yana cewa, "Shiru, heluma!"

Sai wata Laraba Dauda, kukunsa, ya zo yana danne dariya ya ce ana kirana. Ashe haƙoran Mai Lofe na sama na sakawa ne. Ya ciji busasshen naman gwanki sun rabe biyu, kare kuma ya gudu da rabi. Kogin Mariga ya cika, mota ba ta haurawa zuwa Kaduna, sai ɗan aike a kwalekwale, shi kuma ba halin ya bar aiki.

Na same shi ya rufe baki da adiko. Ya ce, harshe na zamewa don rashin haƙora, "Heluma, za ka ɗauki shiffar bakina. Likitan haƙori a Kaduna zai yi shabo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da kaki za mu yi, ya fi sauƙin cirewa."

Ya ce a ƙasarsu da filasta likita ya yi masa. Na ce to a shafa man shanu a gashin bakin. Ya ce shi ba tuwo ba ne.

Maƙeri ya lanƙwasa mana gefen babban cokali. Na kwaɓa filasta da kauri don kada ta gangara maƙogwaro, na sa ya sunkuyar da kai, na yi bismilla na danna a dasashinsa na sama. In ya shaƙe ba wanda zai yarda shi ya sa ni. Filasta ta tumbatso, ta kama gashin bakin nan kaf. Da ta daskare na ja kaɗan, sai leɓe ya biyo cokali, hawaye ya zubo masa. Dauda ya fita neman almakashi, ina jin dariyarsa har kicin.

Na dubi mutumin nan: kai a sunkuye, cokali a baki, ba halin tsawa. Na ce a raina yau ko ba yau ba.

"Ranka ya daɗe, tunda muna jira, katakon nan ɗanye ne." Ya zaro ido ya ce, "Mmm!" Na ce, "Madalla, ashe kai ma ka lura." Na bayyana masa komai a tsanake, har da busasshiyar azarar da na gani a Dogon Dawa, wadda gara ba ta ci, da kwana nawa za mu yi mu sauya. Da farko yana buga ƙafa. Da na zo kan wanda zai zauna a ƙarƙashin tiren, ƙafar ta tsaya.

Dauda ya datse gashin bakin, na karkaɗa cokalin a hankali ya fito, siffar dasashi ras, ko kurji bai ɓace ba. Na shafa mata sabulu, na zuba sabuwar filasta, na fitar da bakin Mai Lofe na dutse, muka naɗe a auduga aka ba ɗan aike.  Washegari ya aiko da takarda: a sauke katako, a ɗauko azara.

Haƙora suka iso saura kwana biyu Razdan ya zo, suka zauna daram. Razdan ya ci abinci a ƙarƙashin silin ɗin ya yaba, sannan ya tambayi Mai Lofe abin da ya sa ya yi aski. Ya ce zafi.

Ku da kuke fara aikin nan, abin da na koya shi ne katako da filasta ba su san muƙami ba, abin da za su yi shi za su yi. Manya kuwa ba kurame ba ne, bakinsu ne ba ya barin kunnensu ya yi aiki. Na yi aiki da injiniya bakwai bayansa, na sha addu'a Allah ya sa in sami mai haƙoran sakawa, amma dukansu da nasu suka zo.