Taron da Kwaɗo Bai Halarta Ba

A gidanmu ba a jiran dare ya yi nisa kafin a fara tatsuniya, domin Iya Hassu, kakata ta wajen uba, ba ta jure wa barci. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta sa a jawo karan gero a hura wuta a tsakar gida, ta zauna da faifan da take saƙawa. Lokacin kaka na fi tunawa, an gama kai damman gero rumbu, sanyi ya fara sauka a Damargu. Garinmu yana tsakanin Tanut da Gangara, kuma a wancan zamani yaro yakan zagaye shi da gudu bai gaji ba.

Mu jikoki mukan kewaye ta, kowa da ƴar gujiyarsa da zai turbuɗa a toka. Ni takan kira ni maigidanta, kamar yadda kakanni ke yi, ta ce duk cikin mazan garin babu marowaci irina, ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba. Na fi sa'o'ina tsawo, ga dogon wuya, ga ƙafafu kamar kara, saboda haka ba ta rasa abin tsokanata. Ba ta son a katse ta. Amma ita takan katse kanta a daidai wurin da labari ya yi daɗi, ta ce kabar saƙarta ta bushe a kawo ruwa, mu kuwa mu yi ta rige-rigen zuwa randa.

Akwai wata tatsuniya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita, har ina zargin ita ta ƙirƙire ta. Ta ce a wata shekara namun daji suka gaji da kwana a gindin ƙaya, suka ce su ma za su kafa gari irin na mutane. Suka ɗora wa Raƙumin Dawa neman wuri, tunda ya fi kowa hangen nesa. A nan sai ta ɗan kalle ni ta gefen ido, yara su kwashe da dariya. Ta ce shi Raƙumin Dawa ba mugu ba ne, ba kuma mai girman kai ba. Da ya hango wani fili mai laushi, shimfiɗaɗɗe, ga laka mai kyau ta gini, bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira taro a tsakiyar rani, ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Jimina ta ce wurin ya yi mata, akwai filin gudu. Kurege ya ce ƙasar tana da daɗin haƙa. Barewa ta yarda, Dila ya yarda, har Tururuwa sai da Raƙumin Dawa ya sunkuya ya ji ta bakinta.

Bushiya ce kawai ta ce ba a ji daga Kwaɗo ba. Aka duba gabas aka duba yamma, babu wanda ya ga Kwaɗo tun ƙarshen kaka. Wasu suka ce ya yi ƙaura, wasu suka ce ai ya mutu. Aka yi masa addu'a a gurguje, aka shiga kwaɓa ƙasa.

Gari ya yi kyau. Ran da ruwan farko ya sauka kuwa, sai ga ruwa yana gangarowa ta kowace kusurwa yana taruwa a tsakiyar gari, bangaye suna narkewa. Raƙumin Dawa yana tsaye cikin ɗakinsa ruwa har gwiwa, sai ƙasa ta tsage a ƙarƙashin gadonsa, Kwaɗo ya leƙo yana murza ido. Iya takan kumbura kumatu a nan, ta sauke murya can ƙasa.

"Maraba da baƙi, maraba. Wa ya rako ku cikin tabkina?"

Raƙumin Dawa ya fusata, ya ce me ya hana shi zuwa taro ya faɗi haka tun da wuri. Kwaɗo ya tambaya yaushe aka yi taron, aka ce da rani.

"Ayya, dogo. Da rani ai ina barci a ƙarƙashin ƙafarka. Da ka jira damina, da ba sai ka neme ni ba."

Ta ce tun daga ranar Raƙumin Dawa bai sake gina ɗaki ba, kuma shi ya sa in ya zo bakin ruwa yake wage ƙafafu ya kai kansa har ƙasa: Kwaɗo yake nema su yi shawara. Daga nan sai ta kakkaɓe zaninta, ta ce labari ya ƙare, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara da gujiya. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne muryar Kwaɗo, muka yi ta kwaikwayo har muka ishi mutanen gida.

Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Daga nan sai Yamai, sai jami'a. Iya Hassu ta rasu ban gama lise, wato sakandare, ba. Gida kuwa ya zama wurin da nake zuwa da dogon hutu kawai, in iske gero ya yi kore, in koma kafin a yi girbi. Garin ya yi ta faɗaɗa a bayan idona, aka haƙa fanfo mai injin a gabas, kasuwa ta cika ta tumbatsa.

Da na shiga karatun digirin dokta, abin da na zaɓa shi ne yadda za a tsara garuruwan gobe, masu jure fari da ambaliya, tare da mutanen da za su zauna a cikinsu. Ina alfahari da wannan kalma ta "tare". Na karanta littattafai a kanta har idona ya yi ja. Kuma don in nuna wa malamaina cewa ni ba ɗan buro ba ne mai zana gari daga ofis a Yamai, na ce a garinmu zan gwada. An yi sa'a magajin gari yana neman inda za a yanka sabuwar unguwa, ya ce in taimaka.

Na zo da hutu kamar kullum, cikin damina. Na kira taro uku. Na zauna da dattawa, na zauna da mata su kaɗai don kada maza su rufe musu baki, na zauna da samari. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Idi, wanda kowa ke jin maganarsa a garin, shi ya tara mini jama'a. Na shimfiɗa taswira, na nuna wani fili a gabas, kusa da fanfon, shimfiɗaɗɗe, ciyawa ta yi masa lif, babu gona babu gida. Kowa ya ce ya yi. Na koma Yamai na rubuta babi guda mai tsawo, na ce al'umma gaba ɗaya ta amince. Malamina ya yaba, aka sa mini lokacin kare aikin a gaban malamai. Mahaifiyata har ta sayi atamfar da za ta ɗaura ranar. Magajin gari kuma ya ce bayan Sallah za a fara kafa alamun siminti bisa taswirata.

Hoto ne ya rage mini. Na ga babin zai fi kyau da hotunan filin, sai na hau mota na zo gida cikin rani, karo na farko tun ina yaro. Da safe na rataya kyamara na nufi gabas. Tun daga nesa na fara jin kukan raƙuma. Filin nan nawa da babu kowa, ga shi cike da bukkoki da tantunan fata, shanu da awaki sun yi layi zuwa fanfo, mata suna kaɗa nono, yara suna tsere a kan jakuna. Na tsaya riƙe da kyamara kamar wanda ya ɓata hanya. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, domin muryar Iya ce na ji raɗau a kunnena tana yi wa baƙi maraba. 

Wani dattijon Buzu mai suna Agali ya yafito ni, ya ba ni wuri a tabarma, ya ɗora shayi. Ya ce tun shekarar da aka haƙa fanfon suke sauka a nan, su da wasu Fulani, daga an gama girbi har ruwa ya sauka, sannan su yi arewa da dabbobi. Ya ji ƙishin-ƙishin za a yanka filin. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ko na san wani wurin da raƙumi zai sha ruwa ba tare da ya ratsa tsakar gidan mutum ba. 

Na wuce wurin Kawu Idi da zafina, na ce me ya sa babu wanda ya faɗa mini.

"Ai mun zaci ka sani," in ji shi. "Ɗan gari ne kai, ga ilimi. Wa zai miƙe a gaban jama'a ya koya maka garinku? Mun ce wataƙila can sama an shirya musu wani wuri."

Da na matsa, sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, gaskiya wasu ma sun ƙyalla ido a kan filin, ba su ga dalilin ɓata wa kansu ba.

Kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru, babina yana nan daram, in kare aikina a kan lokaci, babu malamin da zai zo Damargu da rani ya ƙirga raƙuma. Bayan Sallah kuma a kafa siminti a inda Agali yake ɗora shayi. Na ji kunya ƙwarai da na kama kaina ina wannan tunani. A rana ta uku na je wurin magajin gari na ce taswirata ba daidai ba ce, a dakata. Sannan na buga wa malamina waya. Ya ce kada in yaga babin, in ajiye shi yadda yake, in rubuta wani a kan yadda aka yi na yi kuskuren. Kare aiki kuwa sai baɗi. Mahaifiyata ta ce ba komai, atamfa ba ta ruɓewa a akwati.

Da ina yaro na ɗauka wautar Raƙumin Dawa ita ce tsawonsa. Da na girma na shiga jami'a, na ɗauka ai labarin masu mulki ne da ba sa shawara da kowa, ni kuwa na fi ƙarfin wannan. Sai a filin nan na gane cewa shi ma ya yi shawara, da zuciya ɗaya, kuma duk wanda ya tambaya ya gaya masa gaskiya gwargwadon abin da ya ga zai iya faɗa. Lokacin taron ne ya zaɓar masa waɗanda za su zo. Ni ma kalandar lakwal ce ta zaɓar mini, shekara da shekaru, har na ɗauka garinmu kore ne kullum.

Muka sake taro a bakin fanfo, da hantsi, bayan an shayar da dabbobi. Ban kawo takarda ba. Agali ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja hanyar da suke bi da sanda, aka jera tsakuwa a matsayin gidaje. Mutanen gari da makiyaya suka yi ta gardama har azahar, mata masu sayen nono suka shigar wa makiyaya, wani magini ya ce tun farko shi ya fi son tudun kudu don ruwa ba ya kwanciya a can. A ƙarshe aka mayar da sabuwar unguwa kudu, aka bar filin da burtalinsa. Ba kowa ya tashi da farin ciki ba, amma an tashi ana gaisawa.

Kafin a watse na fito da takardar sunayen mahalarta, wadda jami'a ke buƙata. Kowane layi yana da gurbin suna da gurbin unguwa. Na rubuta sunana da unguwarmu a sama, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Agali na rubuta sunansa, na ɗora biro a gurbi na biyu, ina shirin rubuta "baƙo". Ya tambaye ni me ake sawa a wurin, na gaya masa. Ya gyara rawaninsa.

"Ɗana, wata nawa kake yi a garin nan a shekara?"

Na ce biyu, wani lokaci uku.

"Ni bakwai nake yi. Abin da ka rubuta wa kanka, rubuta mini."

Kawu Idi ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Na duba layin farko, na kwafo abin da ke gaban sunana, na sa a gaban nasa.