Umarnin Fo Komlan da Na Goge

Ni ne mai laifi, kuma gara ku ji daga bakina tun da ku ne kuke kan injinan yanzu. Ranar nan har yau ba ta bar zuciyata ba.

A ƙarshen zamanin jam'iyya ɗaya nake aiki a wani kamfanin fiton kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome. Karatuna bai yi nisa ba, aikina shigar da bayanai ne a kwamfuta. Kullum daga Zongo nake shiga tasi in sauko gari. Babbanmu a ɗakin injin shi ne Fo Komlan, mutumin Hanoukopé, shi ya koya mini komai.

Ga wanda bai san aikin ba: rumbun bayananmu teburori ne masu alaƙa da juna, na masu kaya daban, na kaya daban, na motoci daban. Abin da ke haɗa su wasu umarni ne da aka rubuta aka ajiye cikin rumbun, muna ce musu furosedir. In ka kira ɗaya, sai ya nemo mai kaya da motarsa, ya buga takardar fita. Fo Komlan ne ya rubuta su, kowanne kuma ya fara da haruffan sunansa. A lokacin ban san haka suke aiki ba. Na ɗauka ajiyarsa ce ta kansa, kamar kofin shayinsa da ke kan tebur.

Wata Litinin bai zo ba. Kafin azahar aka fara raɗa cewa jandarmomi sun tafi da shi, wai an ga takardun sukar gwamnati a unguwarsu. A wancan zamani in aka ɗauki mutum, ba a tambaya. Masinja ya cire hotonsa daga na ma'aikata, sakatariya ta kwashe littattafansa. Ba wanda ya sa su. Ni kuwa na dubi allon kwamfuta na ga furosedir jere da sunansa, kuma ni kaɗai ke da kalmar sirrinsa. Na ce in suka zo bincike, me zan ce? Na bi su ɗaya bayan ɗaya da umarnin gogewa da ya taɓa nuna mini. Injin bai yi mini gardama ba.

Washegari takarda ta ƙi fita. Na duba, masu kaya suna nan, motoci suna nan, ba abin da ya ɓace, amma ba abin da ke tafiya. Na kashe injin na kunna. Na hura maɓallai. Har wayar firinta na sauya. Wallahi ban haɗa abin da gogewar jiya ba sai can da yamma.

Direbobin Nijar suka cika ƙofa. Alhaji Mamman, maƙwabcinmu a Zongo, ya leƙo ta taga.

"Malam Isa, injin naku azumi yake yi ne?"

"Alhaji, ni ma ban gane ba."

"To ka tambaye shi yaushe zai sha ruwa, shinkafata na rana."

Shef, wato shugaban kamfanin, ya shigo yana gumi, ya sa aka kira wani masani daga waje. Mutumin ya duba ya ce an goge furosedir duka, kuma da sunan Komlan aka shiga. Shef ya dafe kai ya ce, "Ashe ɓarna ya yi mana kafin a kama shi." Ina tsaye a wurin. Na bar laifin ya hau kansa.

An dawo da wasu daga kaset ɗin ajiya, sauran aka sake rubutawa. Bayan 'yan makonni aka saki Fo Komlan, ba a same shi da komai ba. Amma da ya zo ofis, mai gadi ya tare shi a ƙofa. Maganar ɓarna ta bi shi gari, ba kamfanin da ya yarda ya ɗauke shi.

Abin da na koya shi ne, kada ka goge abin da ba ka san me ke dogara da shi ba, kuma injin sunan da aka shiga da shi kawai ya sani, bai san hannun da ya taɓa ba.

Sai da azumi ya zagayo na iya faɗa wa shef gaskiya. Ya ce in je in kira Fo Komlan da kaina. Na same shi a Hanoukopé yana gyaran rediyo a ƙofar gida.

"Alfa Isa! Ka ɓata hanya ne?"

Na tsuguna, na kasa ɗaga kai. "Fo, ba kai ka goge su ba, kowa ya sani yanzu. Ni ne, da kalmar sirrinka. Tsoro ya sa na goge, tsoro ya sa na yi shiru aka kore ka. Shef na jiranka gobe. Ka yafe mini, don Allah."