Shukar Mai Takaba

Shekarar da Baba ya rasu ina makarantar allo a gidan wata malama, a ƙauyenmu da ke bakin dajin Birnin Gwari. Ba ni da yawan magana. Na fi iya kallo.

A garinmu maganar noma a ƙofar masallaci take fita. Sarkin Noma ya faɗa wa maza, maza su kai gida, mata su ƙarasa da ita bakin rijiya ko wurin kitso. Inna kuwa tana takaba. Ba ta kitso, ba ta zuwa rijiya, kuma babu namiji a gidanmu sai ƙanena mai rarrafe. In ta fita gona da 'yar wuƙarta a hannu, mutane sukan kauce mata, su sunkuyar da kai.

Abin da Baba ya bar mana na iri, damin dawa ne guda ɗaya a rumbu. In ya tafi, babu wani.

Da ruwan farko ya sauka, Inna ta sussuke shi duka. Tana sara da sungumi, ina bin ta ina zuba ƙwaya ina rufewa da diddige. Na lura gonakin da ke kewaye da tamu babu kowa, ko sawun mutum babu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar.

Na ce, "Inna, mu kaɗai ne."

Ta ce, "Masu maza ne, sai sun gama miƙa. Zuba."

Dawa ta tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke. Kullum in an tashe mu daga karatu nakan biya in duba. Ganyen ya fara nannaɗewa, ya yi fari, har ya zama in na taɓa sai ya karye.

Ran nan Gwaggo, yayar Baba, ta shigo ta tarar da rumbu a buɗe.

Ta ce, "Ke! Ba dai kin shuka ba? Ai tun Juma'ar da ta gabaci wancan ruwan aka ce kowa ya dakata. Fulanin da suka taso daga kudu sun ce babu komai a bayansa."

Inna ta ce, "Wa ya faɗa mini, Yaya? Katanga?"

"Na ɗauka matan maƙwabta sun leƙo."

"Su ma sun ɗauka kin leƙo."

Gwaggo ta yi ta juya bakin zanenta.

Da damina ta zauna sosai, kowa ya riga ya zuba nasa irin. Abin da Inna ta samo a gidaje bai cika ƙoƙo ba, rabinsa ƙwari sun huda. Ya rufe kusurwa ɗaya ta gonar, sauran ciyawa ta cinye.

Kafin kaka, kawuna ya zo daga Damari ya tafi da ni, don tukunyar gidanmu ba ta isar baki uku. Na bar allona a jingine a jikin rumbun.