Yatsa Ɗaya a Kan Tsirkiya

Akwai wani ɗan tsumma da Baba Maikano ke naɗawa a yatsan hannunsa na hagu kafin ya ɗauki goge. Na daɗe ina gani kafin na lura da haƙori yake ɗaure shi, domin yatsun da za su taimaka babu su.

Kowace Alhamis, ranar rabon magani, da hantsi yakan taso daga bukkarsa ta bayan garin Ƙafin Maiyaki, ya zauna gindin tsamiyar da ke gaban ɗakin shan magani, ya goga wa tsirkiya ƙaro, ya ɗora ƙoƙon gogen a cinya. Sauran masu goge da yatsu uku ko huɗu suke taɓa tsirkiya, sauti yana tsalle daga wannan zuwa wancan. Shi kuturta ta bar masa ɗaya. Sai ya koyi jan wannan ɗayan a jikin tsirkiya, sama da ƙasa, ba ya ɗagawa. Sautin yakan zame, ya hau ya sauko babu yankewa, kamar kukan mace daga bayan danga. Ko mai sauri in ya ji sai ya tsaya.

A shekarar 1954 aka kawo ƙwayar maganin kuturta. Malam Balarabe, malamin asibitin, ya shaida mini cewa wata guda ya yi yana zaman jira. Waɗanda ciwon ya riga ya tona wa asiri kaɗai ke zuwa. Masu ƙaramin tabo a ƙarƙashin riga, waɗanda maganin zai fi yi wa amfani, sun gwammace su ruɓe a ɓoye da a gan su a ƙofar. Wanda aka gani, an daina cin abinci da shi ke nan.

Babu wanda ya sa Baba Maikano. Zuwa ya yi ya zauna ya fara kiɗa, jama'a suka taru. A cikin taron mutum yakan sulale ta bayan ɗaki, ya haɗiye ƙwayarsa, ya dawo ya tsaya. In an tambaye shi sai ya ce kiɗa ya zo ji.

Barakatu mai fura, 'yar ƙauyen Badafi, ta ce in faɗi sunanta tunda ta warke. "Shekara biyu, 'yar nan," in ji ta, "maigidana yana zagina wai goge ya ɗauke mini hankali. Na ce to, zagin ya fi mini saki."

Baba Maikano, kai ne labulen masu jin kunya. Ka san kowa da ke bi ta bayan ɗakin, daga na Kiru har Fulanin da ke gangarowa daga wajen Doguwa, ba ka taɓa ɗaga ido ka dubi ɗaya ba. An kira sana'arka kiɗan banza. Waɗanda ka rufa wa asiri ma, in sun gamu da kai a hanya, ratsewa suke.

Abin da masu sauraro ba su sani ba, yatsan ba ya jin zafi. Tsirkiyar gashin doki ce, kullum tana cin naman, mai shi bai sani ba. Bara, a kan idona, Malam Balarabe ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo.

"Baba, don Allah ka ajiye gogen nan. Ya kusa ƙashi."

"In na ajiye, wa zai zo maka? Kai ko tallan goro aka ba ka kwantai zai yi."

"Ba wasa nake ba, Baba. Shi kaɗai ya rage maka. Da me za ka ci tuwo?"

"Uku sun tafi a banza, ɗana. Bar wannan ya tafi a bakin aiki. Ɗaure mini."

Ya ƙara shekara guda yana ja. A watan jiya aka yanke yatsan.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka abin da mutane suka hana ka. Ku kuma masu karatu, ba a ce ku koyi goge ba. In akwai ɗakin magani a garinku, ku je ranar rabo ku zauna, ku yi hira, ku kai tallanku can. Taro kawai ake bukata.

Alhamis ɗin da ta wuce ya zo, hannu a naɗe. Mu shida ne a gindin tsamiyar, bayan ɗakin kuwa babu motsin kowa. Malam Balarabe ya miƙe zai yi jawabin godiya. Baba Maikano ya karɓi ƙwayarsa a tafin hannu, ya haɗiye ta a gaban kowa, ya dubi hanyar Badafi na ɗan lokaci. Malam bai kai ƙarshen sallama ba Baba ya tashi ya kama hanyar bukkarsa.